Daga Ganuwa Zuwa Kwaɗo: Tarihin Tsaron Gida a Ƙofar Dumi

Duk wanda ya ratsa unguwar Ƙofar Dumi a birnin Bauchi zai ga ƙyamaren ƙarfe, da tagogi masu sandunan ƙarfe, da katangun da aka dasa wa fasassun kwalabe a ka. Magabatanmu ba su san waɗannan ba, alhali kuwa ɓarawo ba baƙonsu ba ne. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda nauyin tsaro ya taso daga wuyan gari ya faɗo kan maigida shi kaɗai.

Tarihi ya nuna cewa Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya baro Inkil ya kafa birnin Bauchi wajen shekarar 1809, ya kuma kewaye shi da ganuwa. Daga cikin ƙofofinta akwai Ƙofar Ran da Wunti da Wase da Jahun da Nassarawa da Tirwun da Inkil da kuma Dumi. Don yaƙi aka gina ganuwa, amma ta yi wa masu gida wani amfani na daban. A al'adar biranen ƙasar Hausa, rana na faɗuwa sarkin ƙofa zai rufe ƙofarsa, ba za a buɗe ba sai gari ya waye. Wanda ya yi sata cikin dare ya kulle kansa ke nan tare da masu kayan, balle a ce doki ko jaki ya kwance.

Kariya ta biyu ita ce unguwa. Baƙo ba ya kwana sai da sanin mai masauki, shi kuwa mai masauki yana ƙarƙashin idon mai unguwa. Da yake da ɗan gari akan ci gari, wannan tsari ya sa mai niyyar haɗa baki da ɓarawo sai ya yi tunani, domin kowa ya san baƙon kowa.

Sai ta uku, wato ginin gidan kansa. Ƙofa ɗaya ce, ta zaure, inda maigida ke wuni, samari ko almajirai kuma su kwana. Daga nan sai shigifa, wadda ake kaucar da ƙofarta don kada na waje ya hango cikin gida. Tagogi ƙanana ne, kuma can sama. Da dare a ja ƙyaure a sa sakata. Shari'a ma ta ƙarfafa wannan hali, domin a fiƙihun Malikiyya ba a zartar da haddin sata sai an ɗauke kaya daga hirzi, wato ma'ajin da ya dace da su. Ashe ke nan killace dukiya nauyi ne da ke kan mai ita.

Zuwan Turawa Bauchi a 1902 ya kawo ƙarshen amfanin ganuwa. Aka daina rufe ƙofofi, ruwan sama da masu haƙar ƙasar gini suka yi ta cin ganuwar, har Ƙofar Dumi ta zama sunan unguwa. Sintiri ya koma hannun dogarai da 'yan dokan En'e, waɗanda 'yan gari ne, sun san lungu sun san masu lungu. Gwamnatin soja ta Janar Gowon ce ta narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar bindigogi a hannun jama'a, har a 1970 aka kafa dokar kisa a kan 'yan fashi da makami. Da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo, gidajen haya suka yawaita, wasu zaurukan aka mai da su shaguna. Mai unguwa ya daina sanin duk wanda ya kwana a unguwarsa. Kariya biyu suka rushe, maigida ya ruga wurin mai walda da mai sayar da kwaɗo.

To amma ƙarfe ba ya gani, ba ya kuma yin kururuwa. Doguwar katanga tana wahalar da mai haurawa, amma da zarar ya dira ciki ita ce za ta ɓoye shi daga idon maƙwabta. Tagar da aka dabaibaye da ƙarfe kuwa takan zama tarko ga iyali ranar gobara. Wannan ne ya sa unguwanni suka koma karo-karo suna ɗaukar 'yan banga, wanda ba komai ba ne illa farfaɗo da kariya ta biyu. Sai dai wajibi ne su tsaya ga kamawa da miƙa wa hukuma, domin taron dangi a kan wanda ake zargi ya sha salwantar da marar laifi.

Ganuwa dai ba za ta dawo ba. Abin da ke hannunmu shi ne sanin maƙwabci, da sanar da mai unguwa in an yi sabon ɗan haya, da barin sallahu in za a yi tafiya, da fitowa in an ji kuwwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon da ya fara tsagewa a garuruwanmu shi ne na maƙwabtaka.