Saƙa da Karatu a Iyakar Gobir: Tarihin Zaman Yau da Kullum a Kamarawa, Isa da Sabon Birni

Akwai kalmomi biyu na Hausa waɗanda kowace ta ɗauki kaya fiye da yadda ake zato, watau saƙa da karatu. Namiji da ya zauna a masaƙa yana jefa ƙoshiya saƙa yake yi, mace da ta riƙe kwarashi da ulu ita ma saƙa take yi, haka mai tabarma da mai faifai. Karatu kuwa ya haɗa mai duba takarda, da mai biya hadda, da wanda ya zauna gaban malami yana saurare kawai. Da yake sunayen ba su sāke ba, mutane sukan ɗauka ayyukan ma ba su sāke ba. Tarihin ƙauyukan da ke yankin Isa da Sabon Birni, irin su Kamarawa, ya nuna akasin haka. Ya kuma nuna cewa a cikin gida ayyukan nan biyu tare suka taso, tare suka juya.

An fi sanin wannan yanki da labarin yaƙi. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka sake shan kashi a Gawakuke a 1836, waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Isa ta tsaya a matsayin ribaɗin Sakkwato, daga baya kuma Ɗan Halima ya rabu da 'yan uwansa na Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Wannan shi ne abin da ake biya wa ɗalibai, kuma gaskiya ne, amma bai faɗi abin da mutane suke ɗaurawa ba, ko abin da suke biyan haraji da shi.

Amsar tana cikin auduga, wadda mutanen wannan ƙasa suke kira kaɗa. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo ta nan a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno. Ya ga kasuwar Badarawa cike da kaɗa, ya sauka a sansanin Isa, sannan ya ratsa dajin Gundumi. Abin lura shi ne, a lokacin ana tsakiyar zaman ɗar-ɗar da Gobirawa, amma kasuwa tana ci. Shi ne kuma ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ana yawan kawo wannan adadi don a yabi masaƙa da marina da fatake, ba a cika tambayar inda zaren ya fito ba. Babu ƙyalle ko ɗaya a cikin tufafin nan da bai fara bi ta hannun mace ba. Ita ke gurzar kaɗa ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da baka, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari a cikin taskira, ta fitar da zare siriri na tsaye ko abawa mai kauri. Aiki ne mai cin lokaci ƙwarai, har sai mata da dama sun yi kaɗi kafin masaƙi ɗaya ya sami abin da zai wuni yana saƙawa. Kuɗin zaren kuwa nata ne, ba na miji ba. Da shi take zubin adashi, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Bai kamata a manta ba cewa cikin masu wannan kaɗi akwai bayi mata da yawa, waɗanda yaƙe-yaƙen da aka ambata suka raba da garuruwansu, kuma su ba su da iko da zaren da suka kaɗa.

Kaɗi yana da wata siffa wadda masu tarihi ba su ba ta muhimmanci ba: yana kama hannu, amma yana barin kunne da baki. Mai daka ba ta iya sauraren kowa saboda ƙarar turmi, mai kaɗi kuwa tana iyawa. A nan ne hanyar zare ta gamu da ta karatu.

Littafi a ƙarni na 19 abu ne mai tsada. Takardar da ake rubutu a kanta daga Italiya take fitowa, ta biyo ta Tarabulus, ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi, sa'an nan wani ya zauna ya kwafe littafin da hannu. Macen ƙauye ba ta da rabo a irin wannan kaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki mazan da suke barin matansu cikin jahilci a littafinsa Nurul Albab, amma wadda ta samo dabarar da ta dace da halin da matan suke ciki ita ce 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta tsara ilmi a cikin waƙa, da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajoji, watau dattawan mata masu jagorantar 'Yan Taru daga ƙauyuka zuwa wurinta. Su haddace, su koma gida su biya wa matan da ba su da halin fita. Jaji takan sami malfa a matsayin alamar naɗi, kuma Jean Boyd, wadda ta buga tarihin Asma'u a 1989, ta danganta wannan da kayan sarautar Inna ta Gobir, shugabar 'yan bori. Idan haka ne, Asma'u ta san sarai da waɗanda take magana: matan da suka saba bin mace mai malfa. Waƙar da aka haddace ba ta bukatar fitila, ba ta bukatar a ajiye mazari. Saboda haka wanda ya ce matan wannan yanki ba su da karatu kafin zuwan boko, ya auna karatu ne da ido kaɗai.

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1904 da ta 1906 ta raba Gobir biyu, Tsibiri ta koma hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna a Nijeriya. Illar da ta fi shafar tsakar gida dai ba ta iyaka ba ce. Ƙungiyar Ingilishi mai haɓaka noman auduga, wadda aka kafa a 1902, so take a sayar mata da kaɗa ɗanya a kai masaƙun Lankasha. An kawo irin Allen a 1912, an kafa injin gurza a Gusau, jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Masaƙan gida sun daɗe suna ja, domin sau da yawa sun fi Bature sayen kaɗa da daraja. Amma akoko da alawayyo da atamfa sun yi ta shigowa, aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, ta Gusau ta biyo baya. Kaɗi ya ragu har ya zama aikin tsofaffi, da zaren likkafani da na ɗinkin riga.

A daidai wannan lokaci ne sabuwar saƙa ta shigo, kuma ta ƙofar makaranta ta shigo. Makarantun 'yan mata da aka fara buɗewa a Arewa daga 1930 sun haɗa abacada da ɗinki da saƙar kibiya da ta kwarashi, wani ɓangare don a kwantar wa iyaye hankali cewa yarinya ba za ta fito ba ta iya kome ba. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya kai ajin manya ƙauyuka, Hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai tsakanin 1954 da 1959, Lardin Sakkwato ya sami jaridarsa Zaruma, ban da Gaskiya Ta Fi Kwabo da take fitowa tun 1939. Matar malamin makaranta da matar ma'aikacin En'e su ne suka kai kwarashi garuruwa irin Isa, maƙwabta suka koya a wurinsu. Hular jariri da safa da rigar sanyi suka shiga cikin kayan barka da na suna.

Sai dai a yi hattara da ɗaukar wannan a matsayin ci gaba tsantsa. Mai kaɗi tana tsaye a farkon sana'ar da ta kai Tambutu da Agadas, kayan aikinta daga gonar bayan gari yake fitowa. Mai kwarashi sayen ulu take yi, wanda galibi na roba ne daga waje, kasuwarta kuma ba ta wuce unguwa da lokacin hunturu ba. Sunan ɗaya ne, matsayin ya bambanta.

Abin da bai sāke ba shi ne kunne. Ko bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, masu iya duba takarda a cikin gidajen ƙauye kaɗan ne, don haka yarinya ɗaya ke karantawa, sauran suna saurare hannuwansu na aiki. Haka Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce suka isa ga mutanen da ba su taɓa riƙe su ba. Littattafan soyayya na Kano, waɗanda suka bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, irin na Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, ta wannan hanya suka bi, ana aro ana ba da haya, gidajen rediyo suna karantawa. Daga baya wayar hannu ta karɓi aikin yarinyar.

Duk wannan yana bukatar abu guda, watau mace ta zauna a tsakar gidanta hankali kwance. Daga 2019 dubban mutanen wannan yanki suka ƙetare zuwa ƙasar Gidan Runji a jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. A watan Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni cikin yini ɗaya. A watan Satumban 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, sai ga shi matan da suka koma sauraren littafi ta waya sun rasa shi tare da labarin danginsu. Yawancin waɗanda suka gudu mata ne da yara, kuma cikinsu akwai tsofaffin da suka rage masu iya murza mazari suna biya waƙoƙin Asma'u da ka.