Dutsen Tunawa a Bakin Kwara: Waɗanda Aka Rubuta da Waɗanda Ruwa Ya Rufe

1.0 Gabatarwa

Kowace al'umma tana da hanyar da take bi don kada a manta da mazajenta. Turawa sukan sassaƙa dutse ko su zuba tagulla da siffar mutum, su kafa a dandali ko a lambun shaƙatawa na birni. Hausawa kuwa, da yake Musulunci bai yarda da sassaƙa siffar mutum ba, sun fi dogara ga hubbare da kirari da waƙa. Manufar wannan maƙala ita ce a duba wani dutsen tunawa da ya shafi tarihin ƙasar Yawuri, a auna shi da wani na ƙasar Foland a Turai, don a ga abin da dutse ke riƙewa da abin da ke kuɓuce masa.

2.0 Sha'irin da Ya Riƙe wa Ƙasa Harshenta

Cikin 1795 daulolin Rasha da Farusiya da Ostiriya suka ƙarasa rabe ƙasar Foland a tsakaninsu, sunanta ya ɓace daga taswira har zuwa 1918. A cikin wannan hali aka haifi sha'iri Adam Mickiewicz a 1798. Ya yi yawancin rayuwarsa a gudun hijira, ya buga babbar waƙarsa, Pan Tadeusz, a Faris cikin 1834, ya rasu a Istambul a 1855. Mutanen da ba su da sarki nasu, ba su da tuta, sai suka riƙi waƙoƙinsa a matsayin shaidar cewa har yanzu su al'umma ce.

Da ya cika shekara 100 da haihuwa, jama'a suka yi karo-karo suka kafa siffarsa ta tagulla bisa ginshiƙin dutse a wani ɗan lambu na birnin Warso. Ranar buɗewa, 24 ga Disamba 1898, hukumar Rasha ta hana a yi jawabi, sai taron ya tsaya tsit. Sojojin Jamus sun tumɓuke siffar a 1942, aka sake kafa ta a 1950. Abin lura shi ne, a duk shekarun da wurin yake wayam waƙoƙin suna bakin mutane. Ashe harshe ne ya tsare dutsen.

3.0 Dutsen Jebba

A bakin Kwara lamarin ya sha bamban. A Jebba, inda hanyar jirgin ƙasa ta Ikko zuwa Kano ta ƙetare kogin, Turawan mulkin mallaka sun kafa wata hasumiyar dutse don tunawa da Mungo Park da Richard Lander, a matsayin waɗanda suka bi sawun kogin har teku. Amma muhimmin sashe na labarin mutanen nan biyu a arewa da Jebba ya auku, tsakanin Yawuri da Busa.

Park ya bar Sansanding, a ƙasar Mali ta yau, cikin Nuwamba 1805, ya iso Yawuri a farkon 1806. A nan jagoransa kuma tafintansa, Amadi Fatuma, ya sauka, don iyakar alkawarinsu ke nan. A ruwayar Amadi, kyautar da Park ya aika wa Sarkin Yawuri ba ta isa hannunsa ba, sarki ya fusata, aka tare jirgin a duwatsun Busa, Park ya nutse. Wasu masana kuwa suna danganta abin da zaman ɗarɗar na lokacin, domin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai wuce shekara biyu da somawa ba, kowane baƙo mai makami abin tuhuma ne.

Cikin 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka hauro daga Busa zuwa Yawuri neman takardun Park, suka yi makonni ba su samu ba. A kan hanyar komawa suka tsaya a Warra, wadda littafin tafiyarsu na 1832 ya bayyana da cewa ita ce kasuwa mafi shahara a ƙasar Ngaski. Mutanen kogin ne suka tuƙa su cikin kwale-kwalensu, su ne suka san mashigi da kwarmi da inda dutse ke kwance ƙarƙashin ruwa. Dutsen Jebba ya ɗauki sunan waɗanda aka tuƙa, ya bar matuƙan.

4.0 Abin da Tafkin Kainji Ya Ci

An soma gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwan ya rufe tsohuwar Busa tare da duwatsun da Park ya halaka, da tsibirai da fadamu masu yawa, aka tashi mutane kimanin 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Cikin waɗanda abin ya fi shafa akwai Gungawa, masu kiran kansu Bareshe, waɗanda sunansu na Hausa ma daga "gungu" ya fito, wato tsibiri. Da gungu ya nutse, sai kushewun kakanni da wuraren tsafi da gonakin albasa suka bi shi.

A shekarar da ruwan ya hau, wato 1968, wani ɗan Ngaski, Mahdi Adamu, ya kammala kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello kan mulkin Yawuri a ƙarni na 19, yana dogaro ƙwarai da abin da dattawa suka faɗa masa. Bayansa Frank Salamone ya nuna, a cikin nazarinsa na 1975, yadda Gungawa ke rikiɗa su zama Hausawa. Wannan batu ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye, domin a bakin tafkin Hausa ce ke cinye ƙananan harsuna irin su Reshe da Shanga da Lopa.

5.0 Kammalawa

Mutanen Foland sun rasa dutse sun maido shi domin harshensu yana raye kuma a rubuce. Mutanen gungu ba su da dutse, harshen da ke riƙe da tarihinsu kuma yana raguwa a bakin yara. Wanda yake da shekara 20 lokacin da ruwa ya hau, yanzu ya haura 75. Don haka ya kamata sassan nazarin harsuna da tarihi na jami'o'in Sakkwato da Kabi su tura ɗalibai Warra da Ngaski da Shanga da Yelwa, su ɗauki sunayen tsibiran da suka nutse, da waƙoƙin tuƙi da na su, da kirarin gidaje, cikin harsunan masu su, sa'an nan a fassara zuwa Hausa. Ana iya sassaƙa dutse ko bayan shekara 100, amma dattijon da ya san inda kowane gungu yake ba zai jira ba.