Ɗumama ɗakin baƙo a lokacin hunturu

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu mai tasowa daga hamadar Sahara takan sauko da zafin dare a yankin Sakkwato zuwa digiri 15 a ma'aunin Selsiyos, wani lokaci ma ƙasa da haka.

A Gidan Katta da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Illela, inda fatake da 'yan uwa daga Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar ke yawan sauka, wannan sanyi kan zame wa mai masauki abin damuwa, musamman da asuba.

A ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce digiri 18 ne ɗumin da ya dace da ɗaki a lokacin sanyi, kuma tsofaffi da yara da marasa lafiya na iya bukatar fiye da haka.

Ɗakin soro na ƙasa yana riƙe zafin rana har cikin dare, amma rufin kwano yana hucewa da wuri. Zaure kuwa, saboda ƙofofinsa biyu, bai dace da dattijo ba.

Babban haɗarin yana tattare da kaskon wuta. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, marar wari ko launi, wadda ke jawo ciwon kai da jiri, har ta kashe mutum yana barci.

Don haka gara a ɗumama ɗakin da taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin baƙo ya kwanta, sannan a ƙara masa bargo.