Borek: Yadda Ake Gasa Fulawa Mai Ganye-Ganye Da Cuku A Gida

Borek abinci ne na Turkawa da al'ummomin yankin Balkan, wanda ake yi da siraran shimfiɗu na kwaɓaɓɓiyar fulawa. Ana jera shimfiɗun ɗaya bisa ɗaya, ana shafa wa kowanne mai, a zuba cuku ko nama ko ganye a tsakiya, sannan a gasa. Wanda ya saba da samosa zai ga kamanni a tsakaninsu, sai dai fatar borek ta fi ta samosa siranta nesa ba kusa ba, har akan iya karanta rubutu ta bayanta idan ta murzu yadda ya kamata. Girkawa suna kiran wannan fata filo, wato ganye a harshensu, Turkawa kuwa suna kiran tasu yufka, wadda ta ɗan fi kauri. A Masar sunanta gulash.

Kalmar yufka tsohuwa ce. Ta zo a ƙamus ɗin harsunan Turkawa da Mahmud al-Kashgari ya rubuta da Larabci a ƙarni na 11, a matsayin sunan wani siririn burodi. Amma a zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa (ba ta Sakkwato ba) ne sana'ar ta kai ƙololuwarta, musamman bayan sun ci Istanbul a 1453 suka gina fadar Topkapi da manyan ɗakunan girkinta. Duk inda mulkinsu ya taka, borek ya bi shi, kuma ya zauna bayan daular ta rushe a 1922. Shi ya sa sunayensa suka yawaita. Mai cuku a Girka ana ce masa tiropita. A Bulgeriya banitsa ne, kuma a daren sabuwar shekara akan ɓoye 'yan takardun fatan alheri a cikinsa, kowa ya ga abin da ya faɗo a rabonsa. Mutanen Bosniya sun fi kowa tsanani a kan suna: a wurinsu mai nama kaɗai ne burek, mai cuku sirnica ne, kuma baƙon da ya nemi burek na cuku a Sarayebo zai iya shan gyara kafin a ba shi abin da yake so. A Aljeriya burek yana cikin abincin buɗa-baki da ba a cika rasawa ba a watan Ramadan.

Abin da ke sa shi ƙarmas-ƙarmas

Babu yis a kwaɓin filo, babu hodar tashi. Fulawa ce da ruwa da gishiri da ɗan mai, wani lokaci da ɗigon ruwan khal. Tashin da ake gani bayan gashi daga tururi yake zuwa. Man da aka shafa tsakanin shimfiɗu yana hana su mannewa da juna, idan zafi ya shiga sai ɗan ruwan da ke jikin fulawar ya zama tururi ya ɗaga kowane ganye daga ɗan'uwansa, man kuma ya soya shi a inda yake. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci kusan dukkan kura-kuran da ake yi. Idan mai ya yi kaɗan, ganyayyakin sukan fito a bushe kamar takarda, da ɗanɗanon ɗanyen gari. Idan ya yi yawa sai su nutse su yi nauyi. Idan kuma abin da aka cusa yana da ruwa-ruwa, ƙasan zai jiƙe ya zama kamar dafaffiyar taliya, ko da sama ya yi ja.

Bota ita ce aka fi amfani da ita, amma kusan kashi 16 cikin 100 nata ruwa ne, ga kuma guntattakin madara da ke saurin ƙonewa su bar ɗigo-ɗigo baƙi. Saboda haka gwanaye sukan narkar da ita su kwashe kumfar, su tsiyaye tataccen man. Soyayyen man shanu na gida yana yin wannan aiki sarai, sai dai ƙamshinsa yana da ƙarfi, musamman wanda aka soya da albasa, don haka ya fi kyau a gauraya shi da man gyaɗa ko man zaitun rabi da rabi.

Fatar: saye ko murzawa

Filo na kanti a daskare yake zuwa, a naɗe cikin leda, yawanci giram 450 zuwa 500 a kwali guda. Ana samun sa a wasu manyan kantuna masu firiza a birane irin su Abuja da Legas da Kano, kuma da yake daga waje ake shigo da yawancinsa, farashinsa yana bin dala. A nan ne asara take faruwa. Filon da ya narke ya sake daskarewa saboda ɗaukewar wuta yakan manne wuri guda, kuma babu dabarar da za ta raba shi. Mai saye ya duba: idan akwai ƙanƙara a cikin ledar, ko kwalin ya nuna alamar ya taɓa jiƙewa, gara a bar shi a wurin.

A gida, ana sauko da shi daga firiza zuwa firji ya kwana, washegari a fito da shi ya yi kamar awa ɗaya a cikin ledarsa ba a buɗe ba. Gaggawa a nan ita ke kawo karyewa. Da zarar an warware shi, iska ce abokiyar gabarsa, domin ganye ɗaya yana iya bushewa cikin 'yan mintuna, a lokacin hunturu ma kafin a juya. Sai a rufe tarin da leda, a ɗora tsumma mai ɗan danshi a bisa ledar. Kada tsumman ya taɓa fulawar kai tsaye, zai mayar da ita kwaɓi. A kashe fanka, a kuma tabbatar an gama haɗa cukun da narkar da man kafin a buɗe ledar. Ganyen da ya yage ba a zubar da shi, a tsakiya ake sa shi inda ba mai gani.

Wanda ya zaɓi murzawa da kansa zai kwaɓa fulawa giram 500 da ruwa mai ɗumi kimanin mililita 250, da mai cokali 3, da ruwan khal cokali 1, da gishiri ƙaramin cokali 1. A murje kwaɓin minti 10 har ya yi santsi, a raba shi dunƙule 10 ko 12, a rufe a bar shi ya huta awa guda. Hutun nan wajibi ne, domin kwaɓin da bai huta ba yakan ja baya duk lokacin da aka miƙar da shi. Turkawa suna murzawa da wata doguwar siririyar sanda mai suna oklaba, suna naɗe kwaɓin a jikinta suna mirginawa, suna barbaɗa sitacin masara don kada ya kama. Na gida ba zai kai na inji siranta ba, kuma ba laifi, domin borek na ƙauyukan Turkiyya da Girka ma da kaurinsa.

Cukun

Girkawa da feta suke yi, farin cuku mai gishiri da tsami da ake ajiyewa cikin ruwan gishiri aƙalla wata 2. Tun 2002 dokar Tarayyar Turai ta keɓe wannan suna ga wanda aka yi a wasu yankunan Girka da nonon tumaki, ko a haɗa da na awaki da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba. Turkawa suna da irin nasu, beyaz peynir, wato farin cuku. Na Bulgeriya kuma sirene. Abin da ya haɗa su shi ne suna marmashewa kuma ba sa narkewa su malale a wuta. Cuku mai naɗewa irin na fiza shi kaɗai bai dace ba, yakan tsiyaye ya bar rami.

Ma'aunin da ya dace da kwali ɗaya shi ne cuku giram 400, ƙwai 2, yankakken faski ko na'a-na'a cikin hannu ɗaya, da ɗan masoro. A marmasa cukun da cokali mai yatsu, kada a niƙa shi ya zama kunu. A ɗanɗana cukun kafin a fasa ƙwai, domin feta sau da yawa ba ya buƙatar ƙarin gishiri. Idan ma ya yi yawa sai a jiƙa shi cikin ruwan sanyi na rabin awa.

Inda feta ya yi tsada, akwai mafita kusa. Cukun Fulani mai laushi, wanda ake daskarar da shi da ruwan tumfafiya, ba ya narkewa a wuta, sai dai ba shi da gishiri ko tsami. A matse ruwansa sosai, a marmasa, a ƙara gishiri da cokali 2 na kindirmo mai kauri da ɗan lemon tsami. Tun da yakan daɗe cikin ruwa a rana kafin a sayar, a saya a wurin da aka amince da shi, a sake tafasa shi, kuma wanda ya soma yauƙi ko wari a rabu da shi. Busasshen cukun Nijar yana da tauri, sai an daka shi an gauraya kaɗan cikin mai laushi don ƙamshi. Ana kuma iya yin cuku a gida: a ɗora madarar shanu lita 2 har ta kusa tafasa, a sauke, a zuba ruwan lemon tsami kamar cokali 5, a bari ta tsinke, a tace da farin ƙyalle mai tsabta a rataye ya tsane. Za a samu kimanin giram 300.

Naɗi da gashi

Mai kusurwa uku shi ne mafi dacewa da baƙi. A yanka ganyen a tsaye, faɗin santimita 7 ko 8, a shafa mai da burushi, a ɗora wani a kai a sake shafawa. A sa cuku cokali ɗaya a bakin gefe, a naɗe kusurwa zuwa kusurwa kamar na samosa har ƙarshe. Kada a cika cukun, domin ƙwan yana kumbura ya fasa fatar. A jera a tire, a shafa mai a sama, a barbaɗa riɗi ko habbatus sauda. Obin ya riga ya yi zafi zuwa digiri 180 a ma'aunin Selsiyos, gashin kuma minti 20 zuwa 25 ne, har ya yi launin zuma.

Na tire ya fi sauƙi, shi ne kuma na iyali. A shimfiɗa rabin ganyayyakin a tiren da aka shafa wa mai, ana shafa wa kowanne, a baza cukun, a rufe da sauran. Turkawa sukan kaɗa ƙwai da madara da mai su yayyafa a tsakanin ganyayyakin, abin da ke sa cikin ya yi laushi sama ya yi ƙarmas. A tsaga saman da wuƙa mai kaifi kafin a gasa, domin bayan gashi farfashewa zai yi. Wannan yana ɗaukar minti 40 zuwa 45. Idan sama ya yi ja alhali ƙasa bai gasu ba, a mayar da tiren hawa na ƙasa.

Gidan da babu obin yana iya amfani da babbar tukunya da yashi a ƙasanta, irin yadda ake gasa kek, a ɗora garwashi a bisa murfin don sama ya samu wuta. Ko kuma a bi hanyar sigara borek: a naɗe shi siriri kamar yatsa, a liƙe bakin da ruwa, a soya a mai minti 2 zuwa 3.

Bayan an sauke, a bar shi minti 10 a buɗe. Rufe shi da zafi yana mayar da tururin cikinsa ya saki. Da shayi ake cin sa a Turkiyya, a Balkan kuma da nono mai tsami. Tun da akwai ƙwai da cuku, kada ya wuce awa 2 a waje, a lokacin bazara ma awa 1. Ragowar tana yin kwana 2 zuwa 3 a firji, kuma a obin ko busasshen kasko ake ɗumama ta. Waɗanda aka naɗe ba a gasa ba suna zama a firiza wata guda ko fiye idan wuta ta tsaya, kuma daga firiza kai tsaye ake sa su a obin, a ƙara musu minti 5 zuwa 10.