Gobara a Manyan Majami'un Turai: Nazarin Tarihi daga Canterbury (1174) zuwa Notre-Dame (2019)

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi gobarar da ta afka wa wasu manyan majami'un Ingila da Faransa, domin gano inda wutar ke tashi, da illar da take yi wa gini, da abin da ke haddasa ta. An lura cewa wutar ta fi tashi a cikin rufi, sau da yawa a lokacin da ake aikin gyara, kuma babban haɗari ga ginin yakan bayyana ne bayan an kashe ta.

1.0 Gabatarwa

Da yammacin ranar 15 ga Afrilu, 2019, wuta ta tashi a rufin majami'ar Notre-Dame da ke birnin Faris, ginin da aka aza harsashinsa a shekarar 1163. Kafin dare ya raba, rufin ya ƙone, doguwar hasumiyar tsakiya ta faɗi. Jama'a da dama sun ɗauki abin a matsayin bala'in da ba a taɓa gani ba, alhali tarihin irin waɗannan gine-gine cike yake da makamantansa. Tambayar da ta dace ita ce: yaya wuta ke yi wa ginin dutse irin wannan ɓarna?

2.0 Tsarin Ginin

Majami'ar wancan zamani rufi biyu gare ta. Wanda mai ibada ke gani idan ya ɗaga kai, rufin dutse ne da aka ɗaure bisa bakuna, kwatankwacin ɗaurin guga a ginin Hausa. A samansa kuma akwai rufi na biyu, na manyan katakai da aka lulluɓe da fallayen dalma. Katakan Notre-Dame, waɗanda wasunsu tun ƙarni na 13 suke, sun yi yawan da har ake kiran wurin da suna daji. Wuri ne busasshe, mai iska, wanda ba a cika shiga ba, don haka wuta kan daɗe tana ci kafin a farga.

Rufin dutse yana tura bango waje, ginshiƙan tokara na waje kuma suna turo shi ciki. Da wannan daidaito ginin ke tsaye. Idan ɓangare ɗaya ya rushe, ɗayan ya zama abin tsoro.

3.0 Illar Wuta ga Dutse

Tsohuwar shaida a kan wannan batu ta fito daga Gervase, wani ɗan zuhudu da ya rubuta labarin gobarar Canterbury ta watan Satumba, 1174. Wuta ta kama wasu gidaje a kusa, iska ta kwashi tartsatsi ta cusa shi cikin rufin majami'ar ba tare da kowa ya sani ba. Bayan wutar ta mutu, ginshiƙan sun tsaya cik, 'yan zuhudun suka sa ran ƙaramin gyara zai wadatar. Maginin da aka ɗauko daga Faransa, William na Sens, ya duba ya ga zafi ya cinye ƙarfin duwatsun. Ya ɓoye musu hukuncinsa na ɗan lokaci, sai da hankalinsu ya kwanta ya shaida musu cewa dole a rushe a sake.

Abin da ya gano da ido, kimiyya ta bayyana shi daga baya. Dutsen farar ƙasa da aka gina yawancin majami'un da shi yana tsagewa idan ya yi zafi, idan zafin ya kai kimanin digiri 900 kuma sai ya rikiɗe ya zama gari. Ruwan 'yan kwana-kwana ma da tasa illar: sanyaya dutse mai zafi farat ɗaya na fasa shi, ruwan kuma ya jiƙa turmin da ke riƙe da duwatsun.

A Notre-Dame, rufin dutse ya tare mafi yawan garwashin, ko da yake ya huje a wurare kaɗan. Bayan haka aka shafe watanni ana fargabar rushewar ginin. An saka tokaran katako a ƙarƙashin ginshiƙan waje guda 28. Ƙarafan hawa na magina, kimanin guda 40,000 da zafi ya narkar ya haɗe, ba a gama sauke su ba sai a watan Nuwamba, 2020. Ɗaruruwan tan na dalma da suka narke sun bar ƙura mai guba, har aka dakatar da aiki na wasu makonni a 2019.

4.0 Musabbabin Gobara

Dalilan sun kasu gida huɗu. Na farko, sakacin ma'aikata. A 1836 masu gyaran dalma suka jawo ƙonewar rufin Chartres. A 1840 kyandir da wani mai gyaran agogo ya bari ya ƙona wani sashe na York. A 1972 wutar walda ta wani mai gyaran rufi ta cinye rufin Nantes. Na biyu, ganganci, kamar wutar da Jonathan Martin ya cinna a York a 1829, da wadda aka cinna a Nantes a 2020. Na uku, yaƙi: ranar 19 ga Satumba, 1914, igwar sojojin Jamus ta kunna katakan hawa da ke jikin hasumiyar arewa a Reims, dalma ta narke ta riƙa kwarara ta indararo. Na huɗu, aradu, wadda aka fi zargi a gobarar York ta watan Yuli, 1984.

A Notre-Dame ma ana cikin aikin gyaran hasumiya ne wutar ta tashi. A watan Yuni, 2019, ofishin mai gabatar da ƙara na Faris ya ce bai ga alamar ganganci ba, ya karkata ga guntun taba ko matsalar wayar lantarki. Abin da ya fi fitowa fili shi ne jinkiri: ƙararrawa ta kaɗa da misalin ƙarfe 6:20 na yamma, aka tura mai gadi ya duba wurin da ba nan wutar take ba, aka yi asarar kusan rabin sa'a.

5.0 Sake Gini

Kowace gobara ta bar wa masu gyara zaɓi tsakanin amincin gini da riƙon asali. Chartres ta koma rufin ƙarfe da tagulla. A Reims, Henri Deneux ya yi amfani da ƙananan sandunan kankare, aka buɗe ginin a 1938. Faransa kuwa ta yanke shawara a watan Yuli, 2020, cewa a mayar da Notre-Dame yadda take, da katako da dalma, amma aka ƙara katangun tare wuta da na'urar fesa raɓar ruwa a cikin rufin. An sake buɗe ta ranar 7 ga Disamba, 2024.

6.0 Kammalawa

Tarihin shekaru fiye da 800 ya nuna cewa lokacin gyara na daga cikin lokutan da tsohon gini ya fi shiga haɗari, kuma tsayuwar bango bayan gobara ba ta nufin ginin ya tsira. Rigakafi ya fi magani: sa ido kan ma'aikata, da horar da masu gadi su san lungunan ginin, sun fi arha nesa ba kusa ba a kan fiye da Yuro miliyan 800 da aka tara domin ceto Notre-Dame.