Ƙwarangwal Mai Takobi: Baƙon Dodo a Hannun Yaran Badarawa

Bayan la'asar, a wani shagon cajin waya a Badarawa, na tarar da yara uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna buga Clash Royale, wasan da kamfanin Supercell ya fitar a 2016. Abokin karawarsu ya sako rundunar ƙwarangwal, mai riƙe da wayar ya share ta da ruwan kibau, suka kwashe da shewa. Ko gezau babu wanda ya yi.

Wannan dodo baƙo ne a tunanin Bahaushe. Mun gaji Dodo mai cin mutane, da aljani, da fatalwa. Littafin Gandoki na Bello Kagara (1934) ma duniyar aljannu ya shiga. Mukan binne mamaci cikin likkafani ranar da ya cika, ido bai saba da ƙashinsa ba. Turai kuwa, bayan annobar 1347 zuwa 1351, ta yawaita zanen ƙwarangwal suna jan sarki da talaka zuwa kabari.

A sinima, Ray Harryhausen ne ya ɗaukaka wannan dodo. A fim ɗin Jason and the Argonauts (1963) ya shafe sama da wata huɗu yana motsa 'yan tsanan ƙwarangwal bakwai kaɗan-kaɗan, hoto bayan hoto, domin faɗan 'yan mintuna. Abin lura shi ne, a labarin Girkawa na asali da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa, mayaƙan da suka tsiro daga haƙoran wani maciji mutane ne da tsokarsu. Fim ɗin ne ya tuɓe musu ita. Daga nan wasan Dungeons & Dragons (1974) ya mayar da ƙwarangwal ƙaramin sojan matsafi, wasan Minecraft ya ɗanƙa masa baka da kibiya.

A ganina, tuɓe tsokar nan ita ce dabarar duka. Maƙiyin da ba shi da jini, ba fuska, ba dangi, ana iya karkashe shi ɗari-ɗari zuciya ba ta motsa ba. Nan ne ya ci karo da tarbiyyarmu, domin hadisin Nana A'isha ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye. Ƙashi a wurinmu mutum ne mai haƙƙi. Marubucin littafin yaƙi na Hausa da ya ari wannan dodo zai tarar mai karatu yana tambaya: ƙashin wane ne, ɗan wane gida, wa ya tone kabarinsa?