Daga Haƙorin Doki zuwa Hayaƙin Injin

Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu ba da mota suka iso Sudan ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'arsa gabas har ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a 1906, ayarin alhazai masu tafiyar ƙasa kuma suka yi ta yada zango a nan, wasu har abada. Matafiyin da jakinsa ya gaza dole ya sayar, ya sayi wani a hannun mutanen da bai sani ba, don haka yana bukatar wanda zai tsaya masa. Wannan shi ne dillali. A ganina cinikin motar hannu a waɗannan ƙauyuka tsohon dillancin dabbobi ne da ya sake riga, kuma ainihin hajarsa ita ce amana.

Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, Hausawa suka zama ƙashin bayan tsinkar kaɗa, kuɗi suka fara taruwa a hannun wasu. Daga baya babbar mota ta karɓi aikin raƙumi, musamman Bedford, wadda mutanen Sudan ke kira sifinja, wato silifa, saboda laushin tafiyarta. Sabuwa ta fi ƙarfin manomi, sai dai wadda ta bi hannuwa, makanikai suka warware ta suka sake ɗaurawa. Irin wannan mota ba ta da wani farashi a rubuce. Kamar yadda dillalin doki ke buɗe baki ya duba haƙori, haka na mota ke sa a tayar da injin da sanyin safiya, ya kalli launin hayaƙi, ya murza baƙin mai tsakanin yatsu. Sauran duk tsohon tsari ne: a taya, a ce albarka, a sallama gaban shaidu, a fitar da la'ada.

Wani zai ce dillali ɗan tsakiya ne kawai mai ƙara wa kaya tsada, wanda bakinsa ya fi motarsa lafiya. Akwai irinsu, ba musu. Sai dai a ƙauyen da kowa ya san asalin kowa, wanda ya ɓoye aibin giyar mota zai haɗu da mai sayen a sahun Juma'a, kuma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wani kuma zai ce takardun hukuma sun gaje aikinsa. Takarda tana faɗin mai mota da lambar injin, amma ba ta faɗin sau nawa motar ta kafe a laka da damina a hanyar Damazin.

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a Afrilun 2023 ya ƙara wa wannan hujja nauyi. Da dakarun RSF suka kama Wad Madani a Disambar 2023, an kwashe motoci ba adadi a Jazira, ofisoshi suka rufe har sojoji suka dawo a Janairun 2025. Yanzu mai saye, kafin ya tambayi lafiyar injin, sai ya tambayi daga hannun wa motar ta fito. Amsar tana bakin mutumin da zai iya jero masu ita ɗaya bayan ɗaya, ya kuma yarda a zo a same shi a ƙofar gidansa idan magana ta tashi.